Tambayar da har yanzu ba a yi wa Janar Gowon ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan Janar Yakubu Gowon, tsohon shugaban mulkin soja na Najeriya. Tun da ya cika shekara 90 a Oktoban 2024 nake bin hirarrakin da ake yi da shi, kuma kusan kullum zancen ɗaya ne: taron sulhu na Aburi, yaƙin basasa, haɗa kan ƙasa. Ban raina wannan ba.

Ina firamare a Zariya yaƙin ya ƙare, a Janairun 1970. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a Sabon Gari. Maƙwabcinmu Ibo ne mai sayar da kayan keke. Da rikicin 1966 ya ɓarke, sai ya danƙa wa Baba mabuɗin shagonsa ya hau jirgin ƙasa. Baba ya ba da shagon haya, yana tara kuɗin a gwangwanin madara, yana rubuta lissafin da ajami a bayan littafin awo. Ranar da mutumin ya dawo, ya rame har sai da ya faɗi sunansa muka gane shi, Baba ya ƙirga masa kuɗinsa sule-sule a kan teburin keken ɗinki. Ya sha gaya mana cewa da Gowon bai ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci ba, da mutumin bai yi ƙarfin halin tako Zariya ba. Saurayi ɗan shekara 31 ya karɓi ƙasa tana tsagewa, ya yanka jihohi 12, ya ci yaƙi bai bi kowa da ramuwa ba. Wannan kam a jinjina masa.

Inda nake so a tsayar da shi shi ne 1 ga Oktoban 1974. Shi da bakinsa ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ran nan kuma ya ce hakan ba zai yiwu ba. A lokacin kuɗin mai na kwarara, ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji ya sa kaya suka yi tashin gwauron zabi, jiragen ruwa ɗauke da siminti sun toshe tashar Legas, ana ta kuka da gwamnoninsa amma bai taɓa su ba. Daga baya binciken gwamnatin Murtala ya sami 10 daga cikin 12 ɗin da laifi. Ranar 29 ga Yulin 1975 yana taron shugabannin Afirka a Kampala labari ya iske shi cewa an kifar da shi, ya wuce Ingila ya zama ɗalibi a Jami'ar Warwick.

Su wa suke shiga wurinsa a Barikin Dodan, fadar gwamnati ta lokacin, da dare suna cewa, ranka ya daɗe, in ba kai ba ƙasa za ta watse? Yaushe ya fara yarda da su? Ko kuwa kujerar ce da kanta ta yi masa daɗi? A makwabtanmu Nijar, Mali da Burkina Faso sojojin da suka ce riƙon ƙwarya suka zo yi duk sun ƙara wa kansu shekara biyar-biyar, kuma mutum kaɗan ne a raye da suka san wannan hanyar daga ciki kamar shi.

Don Allah ku tura masa wakilinku tun yana da ƙarfin magana. A Wusasa ya tashi, a Barewa ya yi karatu, Hausa a bakinsa take. A yi hirar da Hausa.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya