Zuwa ga Mamana, a kan shari'ar Tom Robinson

Agege, Legas.

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso, kuma da gangan na ƙi amsa shi ta waya, domin maganar da kika taso ta fi ƙarfin a yi ta a tsaitsaye. Littafin nan na Harper Lee, To Kill a Mockingbird, wanda kika bari a ɗakin Ummanku da za ki koma Zariya, na karance shi a cikin darare shida bayan sallar isha'i, da ɗan Turancin da ya rage mini tun na kwalejin horon malamai. Kin ce da kika kai inda aka yanke wa Tom Robinson hukunci, baƙar fatan nan da aka yi wa ƙazafin yi wa wata farar mace fyaɗe, sai da kika zubar da hawaye, sannan kika rubuta cewa, "Baba, ai mu ne Tom Robinson a Legas."

Ba zan ƙaryata ki ba. Kakana fataucin goro ya kawo shi Agege, a nan aka binne cibiyata, a nan aka binne taki, amma har gobe idan na shiga danfo da hula a kaina ba na rasa wanda zai kira ni "aboki" da muryar da ta mai da kalmar zumunci ta koma ta raini. Ina garin nan aka yi rikicin Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, kuma ina Mile 12 a watan Maris na 2016 lokacin da aka rufe kasuwa, kayan gwarinmu suka ruɓe muna ji muna gani. Kin kuma san abin da ya sami mafarautan nan 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, waɗanda gungun jama'a suka tuhuma, suka yanke musu hukunci, suka zartar da shi a gefen titi.

Abin da ya faru a kotun Maycomb, garin da labarin littafin ya gudana, ɗan'uwan wannan ne, sai dai shi an sa masa rigar doka. An buga littafin a 1960, amma labarinsa na shekarun 1930 ne a jihar Alabama ta kudancin Amurka, zamanin da baƙar fata ko a zauren kotu sai dai su hau bene su zauna daban. Lauyan Tom, Atticus Finch, ya nuna wa kowa cewa raunukan Mayella Ewell, yarinyar da ta zargi Tom, a gefen dama na fuskarta suke, cewa ubanta Bob Ewell bahago ne, kuma hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro da injin gurzar auduga ya kama shi. Ko ɗan ƙauyen da bai taɓa shiga kotu ba zai gane inda gaskiya take. Duk da haka fararen fata 12 da aka ɗora wa yanke hukunci suka ce Tom ne mai laifi, kuma a karatuna abin da ya fi ƙona musu rai shi ne furucinsa cewa tausayin yarinyar yake ji, domin a lissafinsu baƙi ba shi da matsayin da zai tausaya wa farar mace.

To, amma akwai wata mata a littafin da ba ki ambata ba, ita ce kuma ta hana ni barci. Ina nufin Miss Gates, malamar Scout ('yar Atticus, mai ba da labarin), wadda ta tsaya a gaban aji tana la'antar Hitila saboda zaluncin da yake yi wa Yahudawa, alhali Scout ta ji ta da kunnenta a bakin kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen garin hankali. Matar nan ba munafurci take yi da saninta ba, da gaske take jin zafin zaluncin da ke can Jamus, amma wanda ke ƙofar gidanta ba ta ma san sunansa zalunci ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani. Da na kai wannan shafin sai na rufe littafin, domin na tuna wata rana da ban taɓa ba ki labarinta ba.

Kina goye a lokacin. Cinikin albasa na kwana biyu ya ɓace a rumfata ta Mile 12, kuma akwai wani yaro Bayarabe cikin 'yan dakon da ake kira alabaru, wanda yakan kwana kusa da mu. Ban gan shi da kuɗin ba, babu wanda ya gan shi, iyakar abin da na faɗa shi ne, "Wa zai ɗauka in ba shi ba?" Kafin in rufe baki yaran layinmu sun rufe shi da duka, wani yana ihun "ole", wato ɓarawo da Yarbanci, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye ba a kai ga taya da fetur ba. Ya tashi baki duk jini, babu haƙori ɗaya, aka kuma hana shi sake taka layin. Bayan mako uku asiri ya tonu cewa ɗan wana ne ya ɗauka, wanda ni da kaina na ɗauko daga Kano. Shi kuwa a zaure muka zauna, manya suka ce a rufa asiri, yaro ne, kuskure ne, ko marinsa ba a yi ba. A ranar nan, Mamana, mahaifinki yana cikin mutanen nan 12, kuma bai ɓata ko sa'o'in da su suka ɓata suna shawara ba.

Abin takaicin shi ne na san hukuncin Allah tun kafin wannan rana. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu ko danginmu, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta ja mu ga rashin adalci. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa wani mutum daga Banu Ubairiƙ a Madina ya saci sulke, danginsa suka yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, wanda wasu ruwayoyi suka ce Bayahude ne, sai ayoyi suka sauka tun daga ta 105 a Suratun Nisa'i suna wanke shi. Na sha jin wannan a wurin tafsirin azumi ina gyaɗa kai, amma da aka zo kan kuɗina da ɗan wana sai karatun ya tsaya a masallaci.

Saboda haka ina so ki kasa kunne ga abin da ke fita daga bakinmu idan mu kaɗai ne a tsakar gida, yadda muke cewa "arne" da "Inyamiri", da irin kwanon da ake zuba wa almajiri da 'yar aiki abinci a ciki. Kuma duk wanda ya yi kukan Uromi, ya kamata zuciyarsa ta girgiza da abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda taron jama'a ya kashe wata ɗaliba ba tare da an kai ta gaban alƙali ba.

Girman da Scout ta yi shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin ba a aji ta same shi ba. Daren da wasu suka zo ƙofar kurkuku don su fitar da Tom su kashe, ita ce ta hango Cunningham a cikinsu, ta gaishe shi, ta ce ya gaida mata ɗansa da suke aji ɗaya, sai mutumin ya tuna cewa shi uban wani ne, ya janye jama'arsa. A ƙarshe kuma ta raka Boo Radley gida, maƙwabcinsu da suka yi shekaru suna ɗauka dodo ne, ta tsaya a barandarsa ta kalli unguwarsu daga inda shi yake kallonta. Inda nake ganin littafin ya gaza shi ne da kyar ya bar mu muka ji muryar Helen, matar Tom, wadda aka bar wa marayu bayan an harbe mijinta da harsashi 17 a gidan yari. Ke da kike karatun lauya, irin su Helen ne za su riƙa zama a bencin baya na kotunan da za ki shiga, kuma ina roƙon ki, idan aka kawo miki wanda ba ya jin Hausa, ba ya kuma fuskantar alƙiblarmu, ki saurare shi har ya kai aya kafin ki tambayi ɗan wane gari ne.

Idan kin zo hutu za mu je Mile 12 tare in nuna miki wurin. Na nemi yaron nan ban same shi ba, har yanzu kuma ina tambayar tsofaffin 'yan dako ko akwai wanda ya san garinsu, domin akwai haƙƙinsa a wuyana, ina kuma so in roƙi gafararsa tun muna duniya. Ummanku ta san da maganar, tana kuma gaishe ki, ita da ƙannenki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.