Zuwa ga mutumina a Kano, kan maganar yaron nan Skenes

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya Kano, ya jikin Hajiya? Ya madam da 'yan biyu? Na san kana can kana cewa na ci amanar zumunci saboda maganar kwamfutar da ka ce na duba maka, to kai ma ai ba nemana kake ba sai in da aike, zan zo kanta. Bari na fara da abin da ya sa na ɗauko waya da asubar nan cikin sanyin Nuwamban 2025.

Jiya da daddare aka sanar Paul Skenes, mai jifan kulob ɗinmu na besbol Pittsburgh Pirates, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, kuma duk masu ƙuri'a 30 ɗin shi suka sa a farko, ko mutum ɗaya bai yi gardama ba. Kai da ka tafi kafin ya zo ba za ka gane ba, bidiyon da nake tura maka ba ya nuna komai, sai ka zauna a filinmu PNC Park ka ji ƙarar ƙwallon a safar mai kamawa. Yaron da aka zaɓa na ɗaya a 2023, ya fara wasa a watan Mayun 2024, ya zama gwarzon sababbi a shekarar, bana kuma a duk zagaye tara matsakaicin abin da ake ci a kansa 1.97 ne, ya fitar da mutum 216 da jifa. To ka san sakamakonsa nawa? Ya ci 10 an ci shi 10. Wallahi goma da goma. Mutum ya yi zagaye bakwai ya ba da maki ɗaya tak, ya koma benci ya zauna yana kallon 'yan uwansa suna kaɗa sanda a iska har a tashi. Duk cikin kulob 30 mu ne na ƙarshe a cin maki, mu ne na ƙarshe a hom ron (dukan da ƙwallo ke tsallake katangar fili), muka gama da ci 71 faɗuwa 91, can ƙasan tebur inda ka bar mu.

Shi ne fa daren jiya maimakon murna sai majalisar gidan Dogo ta rikice, shayin ma sai da ya huce. Dogo ya kafe wai a sayar da shi yanzu. Hujjarsa, kuma ka san Dogo in ya fara ba ya numfashi, wai bayan kakar 2029 yaron zai zama mai 'yancin kansa, mai kulob Bob Nutting kuma ko a mafarki ba zai biya abin da za a nema ba, to gara yanzu da yake da sauran shekaru huɗu a hannunmu a karɓo yara biyar ko shida masu iya dukan ƙwallo, don kullum ka ƙara riƙe shi farashinsa raguwa yake, ga kuma gwiwar hannu da ba ta da tabbas, ya kawo misalin Jared Jones da aka yi wa aiki bana bai jefa ko ɗaya ba. Na ce masa Dogo ka ji tsoron Allah, wannan waƙar ai mun haddace ta. A Janairun 2018 ina tsaye kana tsaye aka ba Houston mai jifanmu Gerrit Cole, aka kawo mana mutum huɗu, yau wa ke cikinsu a Pittsburgh? Cole ya wuce ya sa hannu da Yankees kan dala miliyan 324. A wannan Janairun dai aka tura McCutchen San Francisco, wannan kam an samu Bryan Reynolds, ban hana ba, ɗaya kenan. Da suka tashi yin saye kuma sai suka kwashi Glasnow da Meadows da Shane Baz suka ba Tampa don Chris Archer, kai ma ka tuna ranar har ka sayi rigar Archer, ina fatan tana nan ana goge mota da ita. Glasnow ɗin nan farkon watan nan yana cikin Dodgers da suka ɗaga kofin duniya. Mu dai aikinmu mu turke rago mu yi ta ba shi dusa da harawa, ranar Sallah maƙwabci ya zo da wuƙarsa.

Likita kuma nasa salon daban, ya cire tabarau ya goge, ya ce duk mun cika gaggawa, a bar babban manaja Ben Cherington ya gama gininsa, ai masu jifa sun taru, ga Keller ga Bubba Chandler ga Jones zai dawo, saura kawai yaran ƙananan kulob ɗin raino su nuna. Na ce Likita tun ƙarshen 2019 mutumin nan yake kan kujerar, gini ne ko Hasumiyar Gobarau? An kori koci Derek Shelton a watan Mayu lokacin muna da ci 12 faɗuwa 26, aka ɗora Don Kelly, ɗan gari ne kuma yaran sun ɗan farfaɗo a hannunsa har an bar masa aikin, amma wanda ya haɗo 'yan wasan yana nan daram. Henry Davis da aka zaɓa na ɗaya a duk Amurka a 2021 saboda sandarsa, yanzu ana yabonsa ne a kan kama ƙwallo, dukan kuwa ko biyu cikin goma ba ya samu. Oneil Cruz naka, dogon nan da kake cewa aljani ne, an cire shi daga tsakar gida an kai shi can tsakiyar fili, a watan Mayu ya doki wata hom ron mai gudun mil 122.9 a awa ta faɗa kogin Allegheny, tunda aka fara auna abin ba a taɓa ganin irinta ba, amma sauran kwanakin fa? Yau ya ba ka mamaki gobe ya sa ka kashe talabijin.

Af, kafin na manta, Dogo fa ya kai kuɗin gaisuwa. E, Dogon da ka sani. 'Yar Zinder ce tana karatun jinya a Ohio, yanzu duk Asabar sai ka ga motarsa ta kama hanya, mutumin da ko Monroeville aka aike shi sai ya yi lissafin mai. Ya ce kar na faɗa maka sai an sa rana, don haka ba ka ji daga bakina ba. Alhaji kuma ya sayar da tsohuwar motar nan mai tari, ɗan Kumasi ne ya saya, sun daina gaisawa sosai.

Ɗan Kumasin ma shi ya ƙara hura wutar jiya, ka san shi tun zamansa na Bronx jininsa Yankees ne, yana kwance a kujera yana cewa ku ci gaba da raino muna jira, har ya ce ya gode da David Bednar. Wannan ta yi min ciwo gaskiya. Bednar ɗan yankin nan ne, a nan ya tashi, a ƙarshen Yuli aka miƙa shi Yankees aka karɓo yara uku, biyu a cikinsu masu kama ƙwallo, kamar ba mu da su jibge. Kwana ɗaya kafin nan an ba Cincinnati Ke'Bryan Hayes, Cincinnati fa, 'yan rukuninmu, suka tafi da shi wasannin share fagen cin kofi na bayan kaka, ya kuma sake cin kyautar safar zinare ta gwanin tsaro a can. Na yarda sandarsa ta mutu kuma bayansa na damunsa, amma kuɗin albashinsa da aka sauke ina suka shiga? Wannan ce tambayata kuma ita ce babu wanda ya amsa min.

Don ni a ganina duk gardamar a sayar ko a riƙe, a ɗauko yaro ko a bar shi ya nuna, mai kulob ne ya sa mu muke yin ta a madadinsa, muna ta lissafin tsimi kamar daga aljihunmu za a biya. Har zuwa Nuwamban 2025, rabon da Pirates su ba ɗan wasa daga kasuwa kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya tun Ivan Nova a ƙarshen 2016, mafi tsada da suka taɓa yi a kasuwar kuma Liriano ne dala miliyan 39, alhali Dodgers sun ba Ohtani shi kaɗai miliyan 700. In ka ce ai garin ƙarami ne sai na ce maka Milwaukee fa? Su ma ƙaramin gari ne, muna rukuni ɗaya, bana sun ci wasa 97, sun fi kowa. Kana da mai jifan da ya fi kowa kuma albashinsa na 2025 bai kai miliyan ɗaya ba, in ba yanzu za ka sayo masu sanda biyu uku na gaske ba to yaushe? Shi ya sa ranar buɗe gida a Afrilu har jirgi aka yi haya yana shawagi saman fili da ƙyalle ana ce wa Bob ya sayar da kulob, 'yan kallo kuma suka ɗauki ihun har ƙarshen kaka. A makon ne ma aka ga sun cire tambarin tsohon gwarzonmu Roberto Clemente daga bangon dama sun manna tallan giya, sai da iyalinsa da gari suka yi caa sannan suka mayar. Mutumin da ya rasu a jirgi yana kai wa mutanen Nicaragua agaji a 1972, gadar da muke takawa zuwa filin ma sunansa ne.

Sai maganar Konnor Griffin, wadda ta kai mu ƙarfe ɗaya na dare. Yaro ne ɗan 19, an zaɓe shi na tara a 2024, bana ya taso tun daga ƙasa har kulob ɗin rainonmu na Altoona, hom ron 21, ya saci gida 65, kusan kowa ya yarda shi ne na ɗaya a duk yaran da ke ƙasa. Likita ya ce kar a ƙona shi, ya je Indianapolis, matakin ƙarshe kafin babban kulob, tukuna ya ga jifan manya. Wannan karon ban ƙi tasa gaba ɗaya ba, 19 ƙuruciya ce, kuma mun ga yadda aka yi ta jujjuya Davis. Abin da ba na so shi ne a ɓoye shi don wayon lissafin kwanaki, ka san dabarar, a jinkirta yaro 'yan makonni don kar kwanakinsa su cika 172 a samu ƙarin shekara a kansa. Skenes sai 11 ga Mayu aka ɗauko shi, da ya ci gwarzon sababbi doka ta ba shi cikakkiyar shekararsa duk da haka, kuma ƙarin zaɓen da ake ba kulob in ya fara da yaro tun ranar farko muka rasa shi, biyu babu. Chandler ma bana aka bar shi a Indianapolis yana ta jira har jifansa ya fara lalacewa, sai 22 ga Agusta aka kira shi lokacin kaka ta riga ta mutu, ya shigo ya yi zagaye huɗu ba a ci shi ko ɗaya ba. In Griffin ya fi kowa a atisayen Bradenton a watan Maris a ba shi wurin kawai, wa yake tare masa hanya?

Kana dariya ko? Na san me za ka ce, wai me ya haɗa Bahaushe da besbol har da hawan jini. Kai ka ja ni filin a 2015, shekarar da muka ci 98 Arrieta mai jifan Chicago Cubs ya zo ya kore mu a dare ɗaya, tun daga nan har 2025 ba mu sake leƙa share fage ba, kai kuma ka gudu ka bar ni da su. Kuma kai ne ka yi ta tsalle a 2017 ranar da Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shigo ya doki ƙwallo a karonsa na farko, kana ihu wai ɗan Afirka na farko kuma a kulob ɗinmu, har Baturiyar da ke gabanmu ta ba ka gyaɗa. Mai goyon Man United ma ba shi da bakin yi wa kowa dariya a 'yan shekarun nan, ka yi shiru kawai.

Ka tambayar min Hajiya ko man zafin ya iso, in bai iso ba na bi sawun wanda na ba. Ɗan Kumasi zai zo gida a Disamba ta Kano zai bi, in ka ga dama ka haɗo shi da kilishi da yaji da daddawa, amma ka naɗe da kyau ka rubuta sunana da manyan baƙi don ban yarda da shi ba. Ka kuma faɗa min gaskiya, kai a sayar ko a riƙe, don Dogo yana ta cewa da kana nan bayansa za ka bi, na ce ƙarya yake. Ka turo da murya na kunna musu ranar Asabar in ya dawo daga Ohio.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
mutuminka na Pittsburgh