Wasiƙa ga Iyaye: Kafin Yara Su Cike Fom ɗin JAMB

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Muna godiya da yadda kuka tsaya wa yaranmu a zangon da ya wuce, Allah ya saka da alheri. Wannan wasiƙa ta fi shafar iyayen 'yan SS3, amma muna so kowa ya karanta.

Tambayoyi biyu kuka fi kawo mana ofis: wane kwas ne ake samun aiki da shi, kuma nawa ne kuɗin makaranta. Muna roƙon ku ƙara ta uku. Shin sashen da yaron zai shiga a jami'a yana fitar da ɗalibansa cikin jama'a su yi aiki da abin da suka koya, har a ba su maki a kai?

Akwai inda aka daɗe ana yin haka. A Jami'ar Ilorin, tun ƙarshen shekarun 1970 ɗaliban likitanci ke tarewa a ƙauyuka na makonni a ƙarƙashin COBES, shirin koyon aiki da hidima cikin al'umma. Gida-gida suke bi, su ƙirga mutanen gida, su leƙa rijiyar da ake sha, su auna ƙananan yara, su dawo su rubuta rahoton da malamai za su duba. A ɓangaren lauyoyi kuma, NULAI, ƙungiyar cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i da aka kafa a 2003, ta taimaka wa jami'o'i, har da ta Maiduguri, suka buɗe ofisoshin taimakon shari'a kyauta. Ɗalibi yakan bi malaminsa gidan gyaran hali, ya zauna gaban mutumin da ya shekara yana jiran shari'a, ya rubuta sunansa da kotun da ta tura shi, sannan ya fita neman fayil ɗinsa. Wanda ya yi wannan zama ba sai an yi masa dogon bayani a kan beli ba.

Sai dai aikin yana cin kuɗi: mota, mai, masauki, alawus ɗin malamin da zai raka su, da zaman da malamai za su yi su gyara manhaja. Idan malami ɗaya mai kishi ne ke ɗauke da shi, ranar da ya yi ritaya aikin ya bi shi gida. Shi ya sa muke ganin sashe gaba ɗaya ya kamata a ba tallafin, a kuma rubuta aikin cikin kwas ɗin kansa. Kuɗin da ke zuwa daga wajen jami'a ba shi da tabbas. A Amurka, shirin Learn and Serve America ya shekara da shekaru yana tallafa wa makarantu da jami'o'i kan irin wannan, amma majalisarsu ta yanke masa kuɗi a 2011. A nan gida, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa da harajin ribar kamfanoni, an fi ganin hannunsa a gine-gine, bincike da ƙaro karatun malamai. Da za a ware wa sassa wani kaso don fita cikin jama'a, da garuruwanmu sun gani a ƙasa.

Mu ma za mu fara daidai ƙarfinmu. A zango mai zuwa 'yan SS2 za su zagaya unguwar da ke bayan makaranta da malamin Bayoloji, bayan mun nemi izinin mai unguwa. Za su rubuta inda kwata ta toshe da inda ruwa ke kwanciya sauro na hayayyafa, su miƙa rahoton ga mai unguwa, makin kuma ya shiga sakamakonsu na zango. 'Yan mata za su fita da malamai mata, kowa ya dawo kafin azahar.

Mun haɗo takardar amincewa da wannan wasiƙa. A sa hannu a dawo da ita kafin taron iyaye da malamai, inda za mu tattauna kuɗin motar. Iyayen da ke aikin lafiya ko aikin tsaftar muhalli, don Allah ku leƙo ofis, muna buƙatar shawararku.

Wassalam,
Shugaban Makaranta