Rahoton Kwamitin Lafiya na Shekarar 2024 ga 'Yan Zumunta a Gadarif

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, gaisuwa da fatan alheri. Ga abin da kwamitin ya yi bana, da inda aka samu cikas.

Shekarar ta same mu gidaje cike da baƙi. Tun da yaƙin Sudan ya shiga birnin Wad Madani a Disambar 2023 jama'a ke kwararowa Gadarif, mutanen Sinja kuma suka biyo baya daga ƙarshen Yuni. Masu shan ruwa sun ƙaru, randa da masai suna nan yadda suke. Ana tsakiyar damina, a watan Agusta, hukuma ta sanar da ɓarkewar kwalara, jiharmu da Kasala suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Can yawancin ƙarfinmu ya tafi.

Tare da zumuntar mata mun bi gida-gida muna koya haɗa ruwan gishiri da sukari don ranar da ba a samu na leda ba: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin. Kuskuren da muka fi gani shi ne cika cokali har da tozo, ko ɗaukar cokalin cin abinci. Sukari in ya yi yawa gudawa yake ƙarawa, gishiri in ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Idan mara lafiya ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba da ba shi kurɓi-kurɓi, ruwan da ya wuce awa 24 kuma a zubar. Amma da zarar ido ya faɗa, ko an ja fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba, ko mutum ya kasa sha, sai cibiyar kwalara a yi masa ƙarin ruwa. Akwai gidajen da aka kwana da mara lafiya ana jiran dattawa su zo su yi addu'a da safe. Kwalara ba ta jiran safiya. Dattawan ikilisiya sun amince: a fara tafiya, za su tarar da ku a can.

Batun ruwan sha, ƙwayar kulorin ba ta aiki sosai a ruwa mai laka. A bari ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a sa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30. Sau da yawa an yi duk wannan, sai yaro ya tsoma moɗa har da hannunsa cikin randa, aikin ya koma baya. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi.

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, a yi gwaji tukuna. In shi ne, Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo, ba a tsayawa don jiki ya yi sanyi. In ana zaton zazzaɓin dengi ne, Panadol kawai, ban da asfirin, don yana jawo zubar jini. Zazzaɓin da ya haura mako biyu, mutum na ramewa saifa ta kumbura, a nemi gwajin kala-azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo ke yaɗawa, musamman ga masu kwana a gona kusa da bishiyoyin aduwa da talha.

Ciwon da ba a gani ya fi ba mu wuya. Akwai masu firgita da ƙarar babur, da waɗanda barci ya ƙaurace musu, da yara manya da suka koma fitsarin kwance. Bugun yaro ba ya maganin wannan, tsoro yake ƙarawa. Mun karanta 1 Sarakuna 19 da masu ziyara: da Iliya ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, magana ta biyo baya. Don haka ana tafiya biyu-biyu, mata wurin mata, a zauna a saurara, ba a tilasta kowa ya ba da labarin abin da ya gani a hanya. Mun hana cewa "rashin bangaskiya ne", domin daga ranar bakin mutum ya rufe ke nan. Wanda ke jin muryoyi ko yake zancen kashe kansa, ba a barinsa shi kaɗai, likita ake kai shi. A addu'ar gidaje mun ƙara karatun Zabura 13 da 42 da 88, mutane su ji kuka ma yana da wuri a gaban Allah.

Awon hawan jini bayan sujada ya ci gaba. Ana hutawa minti 5 kafin awo, wanda ya kai 140/90 a ranaku dabam-dabam muna tura shi asibiti. Iyayenmu, muna roƙonku: kada a ajiye magani don an yi addu'a an ji sauƙi, mai ciwon sukari kuma ya ga likita kafin ya shiga azumi.

Abin da muke nema a 2025: batura na na'urar awo, jarkoki masu murfi, da ƙarin maza masu ziyara, don yanzu mata ne ke ɗauke da kusan dukan aikin. Mai niyya ya ga magatakarda bayan sujadar Lahadi.