Zuwa Ga Yaya, Kan Batun Tsohuwar Jita

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka gaishe mini da Inna. Na rubuto ne game da jitar da ka damƙa mini daren da zan taso, domin ban ga ya dace in yanke hukunci a kanta ba tare da saninka ba.

Hunturun ƙasar nan ya taɓa ta. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, alhali katakon jita yana son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, ni kuwa ban farga ba sai da na ga siririyar tsaga a ƙasan jakin da tsirkiyoyi suke hawa. Ƙarafa uku na farko a wuyanta su ma sun lotsa, har tsirkiya ta biyu tana zuga kamar ƙudan zuma. Mai gyara ya bayyana mini cewa tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jita da ƙarfin kusan kilo 70 dare da rana, don haka busasshen katako dole ya gaji.

A wurinsa na gwada Yamaha FG800, wadda ta fito a 2016 cikin jerin da kamfanin ya fara ƙerawa tun 1966. Gaskiya ta burge ni, domin yatsu ba sa wahala a kanta, kuma ya ce zai karɓi tsohuwar in yi ciko. Kwana uku na yi ina juya maganar.

Sai dai muryar sabuwar tana da kaifi, taka kuwa shekaru sun ba ta zurfi da taushin da ban ji a ko ɗaya daga cikin na shagon ba. Har yanzu wurin da damtsenka ya goge fentinta yana nan, kuma a nan nawa yake sauka duk sanda na rungume ta.

Zuciyata ta karkata ga gyara. Za a manne tsagar a tokare ta daga ciki, a sauya ƙarafan da suka lotsa, ni kuma in riƙa ajiye jiƙaƙƙen soso a akwatinta. Idan kana da wata shawara dabam, ka sanar da ni kafin ƙarshen wata, domin sai na ji daga gare ka zan kai ta.

Naka,
Ƙaninka