Zuwa ga Uwata, kan littafinki da zanen yaron nan

Assalamu alaikum Uwata. Da fatan kun wayi gari lafiya ke da maigidan naki, ya jikin jikan nawa, murar ta sake shi?

Ranar Juma'a da kika zo gida akwai maganar da naso muyi, amma baƙin nan na Rigasa suka zauna har bayan isha'i, kafin su tashi kin riga kin wuce, shi yasa nace bari in rubuto miki a waya tun abin yana raina bai huce ba. Dan Allah ki karanta a natse, ba faɗa zan miki ba.

Na kalli shafukan nan goma sha ɗaya da kika nuna min na littafin Gizo da Ƙoƙi, kuma wallahi tun daga ranar shafin tsohuwar nan mai tuƙa tuwo bai fita a idona ba. Yadda kika kama hannunta akan muciya, jijiyoyi sun tashi, tukunya a tsakanin ƙafafu an danne ta da tafin ƙafa, ɗankwali ya zame baya saboda zufa, ai hannun kakarki ne sak, ni da na tashi a gabanta ina ganewa. Mamanki ma da na nuna mata shiru tayi ta miƙo min wayar. Wannan ba a koyar dashi a aji, kin zauna ne a gindin murhu kina yarinya kin kalla har ya zauna miki.

To amma bayan nan sai kika buɗe Instagram kika nuna min zanen wani yaro, wanda kikace shi aka ba kwangilar bangon littafin da kema kika nema. Teburin mai shayi ne da daddare a ƙarƙashin gadar Kawo, ruwa ya sauka, hasken fitila ya kwanta a kan kwalta da gefen keke napep. Ina cikin kallo kika karɓe wayar kikace ai ba wani abu bane Baba, kala ce kawai ya zuba, kowa zai iya. Na kalli fuskarki lokacin, bakinki ne ya faɗa amma idonki ya san ba haka bane. Kuma can da zaki tashi naji kina cewa mamanki ƙila ma ki ajiye littafin nan tunda ba wanda ya damu. Waɗannan maganganun biyu su suka hana ni barci, dan na san daga tushe ɗaya suke.

Bari in baki labarin da ban taɓa baki ba. Kinsan dai Kakuri ta nan Kaduna a da ba haka take ba, tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a wajen, wasu suka biyo baya, lokacin da nake saurayi in aka busa jiniyar canjin aiki titi baya ɗaukar mutane saboda kekuna. Ni a ɗakin zane na ɗaya daga cikin masaƙun aka ɗauke ni, inda ake fitar da zanen atamfa a takarda kafin a raba shi, kowace kala da nata sikirin, wato ragar da ake buga kalar ta cikinta a kan yadi, in ɗaya ta goce ko da faɗin tsinke ne sai kiga ja ya haura kan shuɗi tun daga farkon turmi har ƙarshen yadi shida. Abin da yafi wuya a aikin shine haɗa baki. Zane ɗaya ne ake ta maimaitawa a jikin zani, dole gefen dama ya haɗu da na hagu, sama ya haɗu da ƙasa, yadda mace in ta ɗaura ba mai ganin inda aka dasa. Akwai wani dattijo mutumin Kafanchan a teburin da ke kusa da nawa, in ya haɗa baki ko da madubin ƙara girma kika zo bazaki samu gaɓar ba. Nawa kuwa kullum sai an dawo min dashi, layi ya fito ɓaro-ɓaro kamar ɗinkin faci. Duk wanda ya shigo ɗakin teburinsa yake nufa. Ni kuma sai zuciyata ta ɗauki zafi, na dinga cewa abokai ai tsohon yayi yake zanawa, ganye da tsuntsu kawai ya iya. Shekara kusan biyu Uwata, in zan wuce ta gabansa kawar da kai nake dan kar in ga abinda ke kan teburin.

Wata rana aka ɗauke wuta, kowa ya fita shan iska, ni kaɗai na rage da takardarsa a buɗe kusa da taga. Na tsaya. Sai naga takardar a yanke take gida huɗu, an liƙe ta baya da salatif. Ashe abinda yake yi, sai ya zana tsakiya ya bar gefuna, ya yanka takardar huɗu, ya musanya gutsattsarin yadda gefunan waje zasu dawo tsakiya, sannan ya cike gurbin da ya rage da hannunsa, kinga kenan ba inda baki zai saɓa tunda a haɗe aka zana shi. Abu mai sauƙi haka, a buɗe a gabana kullum, kuma ba ɓoyewa yake ba, ni ne na hana idona. Da ya dawo nace masa Baba wannan aikin naka ya fi ƙarfina, ka koya min. Bai ce komai ba sai ya jawo kujera ya miƙo min reza. Har ya bar aiki kullum tare muke cin abincin rana. Shekara biyun nan da na ɓata har yau ina jin ciwonsu, kuma bana so ki biya irin kuɗin da na biya.

Dan haka ki koma ki buɗe zanen yaron nan ke kaɗai, ba kowa a kusa, ki bashi minti talatin. Ki duba daga ina hasken yake fitowa, me yasa bai sa baƙi a inuwar ba ya sa wani shuɗi mai duhu, me ya bari bai zana ba. Ni da na kalla na ɗan lokaci na lura fuskar mai shayin ma bai ƙarasa ta ba, tururin butar ya bari ya rufe rabi, kuma shi ya ba hoton rai. Ya iya haske, wannan gaskiya ce, kuma shafukanki na dare, wajen da Gizo ke laɓe a bayan rumbu, sun fito a dushe kamar da rana ne aka rage wa kala. Ke kuma kin fi shi hannu da fuska nesa ba kusa ba, mutanensa duk a sandare suke. Kowa da inda Allah ya buɗa masa. In kin gama kallo ki rubuta masa, kar ki tsaya a masha Allah da alamar wuta da kowa ke turawa, ki faɗa masa takamaimai abinda kika gani, kice hasken da ya kwanta a kwalta ya tsayar dake, ki tambaye shi ya akayi. Hausawa sunce yabon gwani ya zama dole, ni kuma a ɗakin zane na gane cewa mai yabon ma yana tafiya da wani abu a hannunsa, dan bazaki iya faɗin inda aiki yayi kyau ba sai kin kalle shi da gaske.

Ke da kika yi karatu a sashen zane na ABU kin fi ni sanin labarin ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, tun makarantar bata zama jami'a ba, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ke kika bani labarin ma kina aji biyu, kina ta zumuɗi. Kowanne daga garinsu daban, ba duka yarensu ɗaya ba, amma suka zauna suna kallon aikin juna suna gardama, kuma suka yarda akan abu ɗaya, cewa za su karɓi dabarar da Turawa ke koya musu su haɗa da abinda suka taras a gidajensu. Okeke a Kafanchan ya taso, nan jiharmu, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Grillo kuma har yau in aka ga shuɗin nan nasa an san hannunsa ne. Da kowanne ya kawar da kai daga teburin ɗan uwansa kamar yadda nayi, da ba'a koya miki sunansu a aji ba.

Kuma tunda maganar abin gida ta zo, akwai gyara ɗaya da zan miki a littafin. Mutanenki namu ne amma gidajen ba namu bane. Rufin nan mai tsini da tagogi masu labule da bishiya kamar alawar auduga, daga katun ɗin talabijin suka shigo hannunki baki sani ba. Gizo a garinmu yake. Ki ɗauki rana guda ki shiga cikin birnin Zariya da takarda da fensir, ki kalli zankwaye a kan soraye, ki kalli zanen da ke jikin ƙofar fada, dagi da sauransu, in an baki dama ki leƙa tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kusan shekara 200 da suka wuce kiga yadda bakan gizo na ƙasa ke ɗauke da rufi. Ki zauna wajen masu ɗinkin babbar riga kiga yadda ake fitar da aska takwas a zane kafin allura ta hau. Nan cikin gari ma gidan tarihi na kan titin Ali Akilu, sau nawa kika wuce ta gabansa? Kawunan yumɓu na Nok da aka fara tonowa a kudancin jihar nan wajen haƙar kuza tun 1928, sun haura shekara 2000, ki tsaya ki kalli idanunsu masu kusurwa uku da hudar tsakiya da irin kitson da aka musu. Ko naira ashirin ki juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune da tukunyarta, matar da ta zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu har ABU ta bata digirin girmamawa a 1977. Duk waɗannan malamanki ne in kin yarda ki kalla.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan bana sassauci. Duk abinda kika ɗauko a wajen wani ki faɗi sunansa. In kin ɗora aikin wani a shafinki kar ki yanke sa hannunsa dan hoton ya zauna daidai, ki rubuta nasa ne. In dabarar hasken nan kika koya wajen yaron, ranar da aka yabi shafin dare kice daga wajen wane na gano. Na san zafin abin a jikina. Akwai zanen da na kwashe sati uku ina yi, ganyen zogale da 'yan tsaki, ya karɓu sosai wajen mata, ba'a yi shekara ba na ganshi a kasuwa an bugo shi daga waje a yadi mara kyau rabin kuɗi, har kuskuren da nayi a wani ganye sun kwafa. Na tsaya a gaban shagon na kasa magana. Irin wannan kaya na cikin abinda ya durƙusar da Kakuri, daga farkon shekarun 2000 masaƙun suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, kin dai ga yadda gidanmu ya shiga a lokacin kina firamare. Bana so wani ya tsaya a gaban aikinki yaji abinda naji.

Maganar da gwaggonki ta tayar kan zanen abu mai rai, kar ki yi musu da ita a gaban mutane, ki je wajen malamin da kika yarda da iliminsa ki kai masa shafukan ya gani da idonsa, ki gaya masa na koyar da yara ne, abinda ya faɗa miki kizo mu zauna akai. Kwangila kuma in wata ta zo, ki karɓi kafin alƙalami kuma a rubuta yarjejeniya ko da a WhatsApp ne, sau nawa za'a gyara da ranar biya.

Littafin nan dai ba'a ajiye shi ba. Saura shafi tara kikace, ki ɗauki ɗaya duk sati bayan yaro yayi barci, kafin azumi kin kai ƙurunƙus. Tsamin bakin Gizo da kika fara nunawa da karkatattun haruffa ki cigaba dashi, yara zasu so shi, ni kaina sai da na karanta da ƙarfi.

Ranar Asabar in Allah ya kaimu kizo da wuri da kwamfutar taki, na sa ƙaninki ya sauko min da akwatin ƙarfen nan na saman sif, takarduna na masaƙa suna ciki har da guda biyu na dattijon nan da ya bani ranar da zai tafi, salatif ɗin ya zama ruwan ƙasa amma yankan yana nan zaki gani. Ki taho da reza sabuwa da farar takarda in nuna miki haɗa baki, zai miki amfani a bangon ciki na littafin. Mamanki tace ki dawo mata da kular da kika tafi da ita.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaron. Allah ya miki albarka.

Babanki