Idan aure ya mutu, wa zai biya wa yara kuɗin jami'a?

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a bani ɗan fili na faɗi abinda ke cina a rai, dan nasan ba ni kaɗai bace a cikin wannan hali.

Shekara goma sha ɗaya kenan da rabuwata da baban yarana, lokacin babbar tana aji uku a firamare. Da mukaje kotu alƙali ya barmin riƙonsu ya yanka masa dubu takwas duk wata na ci da sha, a takardar nan babu inda aka ambaci makaranta ko da kalma ɗaya, nima kuma ban kawo komai a raina ba, lokacin ta inda zan kai gadona da kwanukana nake yi. To yau ga yarinya ta girma taci JAMB ta samu gurbi a jami'a, dubu takwas ɗin nan kuwa har gobe ita ce, watan da yaga dama ya aiko, ko kuɗin adaidaita sahunta na wata bata kaiwa tunda aka cire tallafin mai a 2023, a shekarar ne kuma jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista, ga handawut ga data ga kuɗin ɗakin kwana, kowanne malami da littafin da zaice a saya.

Na turata wajensa a kasuwa da takardar biyan kuɗin a hannunta. Tun bayan azahar take zaune kan benci a bakin shagonsa yana ciniki yana amsa waya, sai da aka kira la'asar sannan ya ɗago yace mata, "kije ki faɗa wa uwarki tunda ita tace sai kinyi boko ta biya, ni in kin fito da miji zan miki kayan ɗaki." Ya miƙa mata dubu biyu kuɗin mota. Wallahi rashin kuɗin bai ƙonamin rai kamar yadda ta shigo gida ta wuce ɗaki ko hijabi bata cire ba ta kwanta. Ɗan kunnen gwal ɗin da Innata ta barmin shi na kai 'yan gwal, na haɗa da kwasar adashe, da haka akayi rajistar aji ɗaya.

Abinda malamanmu suka karantar damu a mazhabar Malikiyya shine ciyar da 'ya mace yana wuyan uba har tayi aure ta tare, namiji kuma har ya balaga. To anan iyaye maza da dama suke fakewa, wani yace shi shari'a abinci da sutura ta ɗora masa ba digiri ba, in namiji ne kuma yace ai ya zama magidanci yaje ya nema, yaron da ke aji ɗaya a jami'a ina zai samo? Ina roƙon malamai su fito su yi mana bayani ƙarara a mumbari da rediyo, su daina barin maganar a tsakanin zawarawa.

Ba wai nace duk maza haka suke ba, akwai wanda da gaske bashi dashi, akwai kuma mu mata da zamu hana uba ganin ɗansa shekara da shekaru sai ranar biyan kuɗi a tuna da lambarsa, wannan ma ba daidai bane.

Wasu sunce min ta nemi bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe a watan Mayun 2024, suna biyan makaranta kai tsaye su ba ɗalibi dubu 20 duk wata, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa a fara biya. Alhamdulillahi abu ne mai kyau, haka ma lokacin da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin rajistar ɗalibai 7,000 a BUK a 2023 an share wa mutane hawaye. Amma fisabilillahi yarinyar da ubanta ke raye da shago cike da kaya, ita ce zata fito makaranta da bashi a kanta?

Roƙona ga alƙalai da 'yan Hisbah masu sulhu shine tun ranar da ake rubuta maganar ciyarwa a saka karatu a ciki har na gaba da sakandare, a faɗi kason da uba zai ɗauka gwargwadon ƙarfinsa, a riƙa sake duba kuɗin duk bayan shekara biyu ko uku, kuma ya biya ta asusun makaranta kai tsaye in ni ce baya so kuɗinsa ya bi ta hannuna. Ni dai bazan ƙara tura 'yata kan bencin nan ba, ƙarshen watan nan za'a rufe rajistar aji biyu, kwasata kuma sai wata mai zuwa.

Wata uwa daga Gwammaja, Kano.